INJIN GOGE MOTA: YADDA AKE ZAƁENSA DA YADDA AKE AIKI DA SHI

Wankin mota ya zama sana'a a garuruwa da manyan ƙauyuka. A bakin tasha, da gefen titi, da kusa da famfon burtsatse, ana ganin samari da bokiti da soso suna wanke motocin haya da a-daidaita-sahu da babura. Da wannan sana'a wasu ke cefanen gida, musamman da rani bayan an kawar da amfanin gona.

Amma wanki kaɗai ba ya mayar wa mota ƙyallinta. In mota ta sha rana da ƙura, fentinta yakan dushe. Ko an wanke ta da kyau, da ta bushe sai ta koma kamar an barbaɗa mata toka. Kafin ƙyallin ya dawo sai an goge fentin da wani mai na musamman, sa'an nan a shafa masa kaki. Ana iya yin wannan da hannu, amma mota ɗaya takan cinye wa mutum yini guda, kafaɗarsa kuma ta yi tsami. Shi ya sa aka ƙera injin goge mota.

Yanzu ana samun wannan inji a manyan kasuwanni, kamar Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, da Fanteka a Kaduna. Mai wankin mota da ke da inji ya fi mai bokiti kaɗai samun ciniki. To, sai dai akwai abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya sa kuɗinsa. Injin nan ba ya ƙara wa mota fenti. Kankare fentin yake yi, kaɗan-kaɗan. Wanda ya san haka zai yi aiki a hankali ya ci riba. Wanda bai sani ba yana iya ƙona fentin motar mutane cikin ƙiftawar ido, a ce sai ya biya kuɗin sabon fenti. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

YADDA FENTIN MOTA YAKE

Fentin yawancin motocin zamani hawa uku ne. Hawa na farko shi ne shimfiɗa. Shi ke manne da ƙarfe, yana hana tsatsa. Hawa na biyu shi ne launi, watau ja ko shuɗi ko baƙi ko fari. Hawa na uku garai yake kamar ruwa, ba shi da launi. Shi ne ke ƙyalli, kuma shi ke kare launin daga rana. Masu fenti suna kiransa kiliya.

Duk hawa ukun nan in aka haɗa su, kaurinsu bai wuce na takardar littafin rubutu da yawa ba. Hawan sama kaɗai kusan rabin kaurin takardar ne. A kan wannan ɗan siririn hawa inji ke aiki. Duk lokacin da aka goge mota da inji, an rage kaurinsa. Abin da aka kankare kuwa ba ya sake tsirowa.

Akwai kuma motocin da fentinsu ba shi da hawan sama. Irin wannan ya fi yawa a tsofaffin motoci, da motocin haya waɗanda aka sake wa fenti a gareji. Ga yadda ake gane su: a ɗiga ɗan man goge fenti a farin ƙyalle, a goga a wani ɓoyayyen wuri. In launin motar ya fito a ƙyallen, to fentin ba shi da hawan sama. In ƙyallen bai ɗauki launi ba, akwai hawan sama. Dukansu ana iya goge su da inji, amma mai gugar ya san da wanne yake aiki.

ABIN DA KE DUSAR DA FENTI

Abu na farko shi ne rana. Zafinta da haskenta suna busar da fuskar fenti har ta yi fari-fari.

Na biyu ƙura. Da hunturu, daga watan Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, iska tana ɗauko ƙura daga hamadar Sahara ta zuba a ƙasar Hausa. A cikin ƙurar akwai ɓarɓashin yashi, yashi kuwa ya fi fenti tauri. Direban da ke kaɗe ƙurar motarsa da busasshen tsumma kowace safiya, karce fentin yake yi bai sani ba. In aka duba irin wannan mota a rana, za a ga ƙananan zane-zane a kewaye kamar saƙar gizo.

Na uku kashin tsuntsu da na jemage, da ƙaron itace. In suka kwana biyu a jikin mota cikin zafi, sukan ci fenti su bar tabo.

Fuskar da ta karce ba ta mayar da haske sosai, shi ya sa take dushewa. Aikin inji shi ne ya rage tudun da ke gefen kowane karce, har fuskar ta koma sumul. Kamar yadda kafinta ke goge katako da sanfefa ne, sai dai wannan ya fi laushi nesa ba kusa ba.

MAI IRI UKU NE

Kafin a yi maganar inji, ya kamata a san man da ake aiki da shi. Iri uku ne, kuma kowanne da aikinsa.

1. Man kankara. 'Yan kasuwa suna kiransa kwamfawun. Yana da ɓarɓashi mai ɗan kaushi. Da shi ake cire dushewa mai yawa da karce. Shi ya fi cin fenti.

2. Man ƙyalli, wanda ake kira folish. Ɓarɓashinsa ya fi laushi. Yana cire ƙananan zane, har da waɗanda man kankara ya bari.

3. Kakin mota. Wannan ba ya kankare komai. Rufe fenti yake yi, ya kare shi daga rana da ruwa da datti. Wani kakin ana samo shi daga ganyen wata itaciya mai kama da giginya, wadda ke fitowa a arewa maso gabashin ƙasar Burazil. Sunanta karnoba. Kakinta ya fi na zuma tauri, ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 80. Wani kakin kuma a masana'anta ake haɗa shi, kuma yakan fi na itace daɗewa a jikin mota.

Ƙa'idar aiki ita ce a fara da mai mafi laushi. In man ƙyalli ya isa, babu dalilin taɓa man kankara.

IRE-IREN INJIN

Injin goge mota da ake gani a kasuwa iri uku ne.

Na farko, inji mai juyi ɗaya, wanda ake kira rotari. Faifansa yana juyawa a wuri ɗaya kamar fanka. Gudunsa yakan kama daga juyi 600 zuwa wajen 3,000 a minti ɗaya. Yana da ƙarfi, yana da sauri, kuma shi masu fenti suka fi amfani da shi a gareji. Amma yana tara zafi a wuri guda. In aka tsayar da shi a waje ɗaya, ko aka karkata shi a bakin ƙofa, nan da nan sai ya huda hawan sama. Inji ne na gwanaye.

Na biyu, inji mai juyi biyu. A jikin kwalinsa akan rubuta haruffa biyu, DA. Faifansa yana juyawa, yana kuma kewaya wata 'yar da'ira a lokaci guda, kamar mai rawa da ke juyi yana zaga fili. Saboda haka ba ya dirzar wuri ɗaya, zafi ba ya taruwa sosai. A yawancinsu, in aka danna da ƙarfi fiye da kima, faifan yakan daina juyawa da kansa. Aikinsa bai kai na rotari sauri ba, amma kuskurensa kaɗan ne. Shi ya fi dacewa da mai koyo, da mai wankin motar da ke taɓa dukiyar mutane kullum.

Na uku, inji mai rawa. Yana da faffaɗan faifai da mariƙi biyu. Wasu ma a batirin mota ake jona su. Shi ya fi araha, amma ba shi da ƙarfin cire karce. Shafa kaki kawai yake iyawa. Wanda ya saye shi don gyaran fentin da ya dushe ya yi asarar kuɗinsa.

HATTARA DA INJIN MASU WALDA

Akwai injin gurzar ƙarfe na masu walda, wanda suke kira giranda. Yana kama da rotari sosai, kuma ya fi shi araha. Wasu sukan ɗaura masa soso su ce ai duk ɗaya ne. Wannan babban kuskure ne. Ƙaramin giranda yana juyi wajen 11,000 a minti ɗaya, kuma yawancinsu ba su da wurin rage gudu. Da wannan gudu zai ƙone fenti da taɓawa ɗaya. Yana kuma iya yaga soson ya watsa wa mutum a fuska.

ABUBUWAN DUBAWA WAJEN SAYE

A jikin kowane inji akwai 'yar takarda ko ɗan ƙarfe mai rubutu. A karanta shi kafin a biya kuɗi. Wanda bai gane ba ya tafi da wanda zai karanta masa.

1. A duba lambar da ke kusa da harafin V. Ita ke nuna irin wutar da injin ke sha. Wutar Nijeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 240. Injin da aka yi don Amurka 110 ko 120 ne, na Japan kuma 100. Irin waɗannan sukan shigo cikin kayan gwanjo. In aka jona su kai tsaye sai su ƙone.

2. A duba lambar da ke kusa da harafin W. Ita ke nuna yawan wutar da injin ke ja. Rotari yakan ja wajen 1,200, mai juyi biyu kuwa daga 500 zuwa 900. Ƙaramin janaretan nan na shago ba ya ba da wutar da ta kai 1,000. Mai aiki a ƙauyen da babu lantarki ya gwada lambar injin da ta janaretansa. Wajibi ne ta janareta ta fi yawa.

3. A tabbata akwai wurin rage gudu da ƙarawa. Yawanci ɗan kewayayyen maɓalli ne mai lamba 1 zuwa 6. Injin da ba shi da wannan, a bar shi.

4. A duba girman faifai. Mai faɗin inci 5 ko 6 ya fi sauƙin sarrafawa. Babban faifai yana wahalar shiga lungu.

5. A ɗaga injin a ji nauyinsa. Mutum zai riƙe shi awa biyu ko uku, wani lokaci a tsugune.

6. A sa mai shago ya kunna shi. In yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ko yana tartsatsin wuta da yawa, ko yana warin ƙuna, akwai matsala.

7. A tambaya ko ana samun kayan gyaransa. Akwai ɗan gawayin nan guda biyu a cikin inji, wanda masu gyara ke kira kabon. Yakan cinye, sai an sauya. Haka nan faifai da soso. Bakin da ake ɗaura faifai ma ba iri ɗaya ba ne tsakanin injin Amurka da na Turai, don haka a gwada faifan a jikin injin tun a shago.

Kamfanoni da yawa suna ƙera injin nan, kamar Makita ta Japan, da Bosch ta Jamus, da DeWalt ta Amurka, da Ingco ta ƙasar Sin. Akwai kuma jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. In aka ga farashi ya faɗi ƙasa ƙwarai, a yi shakka. A karɓi rasit.

SOSON DA AKE ƊAURAWA

Soso shi ke taɓa fenti, don haka zaɓensa yana da muhimmanci kamar zaɓen inji. Akwai na gashin tumaki, shi ya fi ci, kuma da rotari aka fi amfani da shi. Akwai na katifa mai tauri, don man kankara. Akwai na katifa matsakaici, don man ƙyalli. Akwai kuma mai laushi ƙwarai, don kaki.

Launin soso ba abin dogara ba ne, domin kowane kamfani da irin launin da yake sa wa nasa. A matsa shi da yatsa a ji taurinsa. Kowane mai da sosonsa. Soson da ya taɓa man kankara ba a shafa kaki da shi. Soson da ya faɗi ƙasa kuwa an gama aiki da shi sai an wanke, domin ƙwayar yashi ɗaya tak ta isa ta zane bonet gaba ɗaya.

KAFIN A KUNNA INJI

Mai koyo kada ya fara da motar wani. Ya je wurin masu gyaran bodi ko 'yan gwangwan ya sayi tsohon bonet ko ƙofar mota. A kai zai koyi riƙon inji. Ya ma tsayar da injin a wuri ɗaya da gangan, ya ga yadda fenti ke ƙonewa da kuma saurin da yake ƙonewa. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai manta ba.

In an zo aiki na gaske, ga abin da za a yi:

1. A zagaya motar tare da mai ita. A nuna masa duk karce da tabo da wurin da fenti ya ɓare. Wannan yana hana rigima daga baya.

2. A tambaye shi ko an sake wa motar fenti kwanan nan. Sabon fenti yana bukatar wata ɗaya zuwa uku kafin a shafa masa kaki.

3. A kai motar inuwa, ƙarƙashin rumfa. A taɓa jikinta. In da zafi a jira ta huce, domin mai yana bushewa nan take a kan ƙarfe mai zafi. Safiya da yamma sun fi dacewa. Ranar da iska ke tashi da ƙura, a ɗaga aikin.

4. A fara zuba ruwa ya tafi da ƙura kafin soso ya taɓa motar. A yi wanki da bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso. A fara daga rufi a gangaro ƙasa.

5. In akwai kwalta a ƙasan ƙofofi, a cire ta da ɗan kananzir a tsumma, sa'an nan a sake wanke wurin da sabulu.

6. A tsane motar da tawul mai laushi, a bari ta bushe sarai.

7. A rufe robar gilashi, da baƙar robar bamba, da tambarin mota, da salatif ɗin takarda irin na masu fenti. Haka nan lambar ƙungiya da rubutun da ake yi wa motocin haya da a-daidaita-sahu. Inji yana iya share su.

YADDA AKE GUGAR

A zaɓi ɗan wuri a gwada tukuna. A fara da man ƙyalli da matsakaicin soso. In sakamakon ya yi kyau, haka za a bi sauran motar. In bai yi ba, sai a koma ga man kankara.

A raba jikin motar gida-gida. Kowane gida kada ya wuce ƙafa biyu a tsaye, ƙafa biyu a kwance. A gama ɗaya kafin a shiga wani.

A ɗiga mai sau uku ko huɗu a kan soso, kowane ɗigo kamar ƙwayar wake. Yawan mai ba ya ƙara ƙyalli, toshe soso yake yi. A dangwala soson a wurare daban-daban cikin gidan da za a goge.

A ɗora soson a jikin mota kafin a kunna inji. In aka kunna shi a sama, zai watsa mai ko'ina. A rataya wayar a kafaɗa don kada ta goga a fenti.

A fara da gudu mafi ƙanƙanta a baza man. Sa'an nan a ƙara. In mai juyi biyu ne, lamba 4 ko 5 ta isa. In rotari ne, kada mai koyo ya wuce juyi 1,500.

A riƙe soson a kwance sosai, kada a karkata shi. A tafi a hankali, kamar inci ɗaya a kowace daƙiƙa. A bi layi daga hagu zuwa dama, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. In an kai ƙarshe, a sake bi daga sama zuwa ƙasa. Sau uku ko huɗu ya isa. Dannawa kaɗan ake yi, nauyin injin da na hannu sun wadatar.

Ga wata dabara ga mai inji mai juyi biyu: a ja layi da baƙin alƙalami a bayan faifai. In ana ganin layin yana zagayawa, aiki na tafiya. In ya tsaya, an danna da yawa ko an karkata.

Kada a tsayar da inji a wuri ɗaya. A riƙa taɓa fentin da bayan hannu. Ɗumi ba laifi, amma in zafin ya hana a bar hannu a wurin, a dakata. A yi hattara da bakin ƙofa, da bakin bonet, da duk inda ƙarfe ya yi ƙusurwa, domin fenti ya fi siranta a nan. Bamba ta roba ma tana saurin ƙonewa, saboda roba ba ta watsar da zafi kamar ƙarfe.

In man ya fara zama garai-garai, a kashe injin yana kan mota, sa'an nan a ɗaga. A share da tawul mai laushi. A haska wurin da tocila a duba. Bayan kowane gida biyu ko uku a kakkaɓe soso da tsohon buroshin haƙori. In an yi amfani da man kankara, wajibi ne a bi bayansa da man ƙyalli.

SHAFA KAKI

Fentin da aka goge tsirara yake, ba abin da ke kare shi. Don haka ba a sallamar mota sai an shafa kaki.

A sa soso mafi laushi. A rage gudun inji zuwa lamba 2 ko 3. Ba a dannawa ko kaɗan. A shafa kakin siriri, yadda da ƙyar ake ganinsa. Kaki mai kauri ɓarna ce, kuma yana wahalar sharewa.

A jira ya yi hazo-hazo. A jikin gwangwanin akan rubuta mintocin da za a jira. Ana kuma iya gwadawa da yatsa: a ja yatsa a kai, in wurin ya fita fes, lokaci ya yi. In ya yi maiƙo, a ƙara jira. Sa'an nan a share da busasshen tawul mai tsabta, ana juya shi akai-akai.

Kakin itace yakan yi wata ɗaya zuwa uku. A ƙasa mai zafin rana ya fi saurin ƙarewa. Ga yadda ake ganewa: a watsa ruwa a bonet. In ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar a kan ganyen gwaza, kaki yana nan. In ya bazu ya kwanta, lokacin sabo ya yi. A gaya wa mai mota ya guji wanke ta da garin sabulun wanki, domin yana saurin cire kaki.

Kaki ana iya shafa shi duk bayan wata biyu ko uku. Man kankara kuwa sai in ya zama dole. Motar da ake kankara duk wata, ba za a daɗe ba hawan samanta zai ƙare.

ABIN DA INJI BA YA GYARAWA

A ja farce a kan karce. In farcen ya maƙale, karcen ya yi zurfi. Inji zai iya rage muninsa, amma ba zai share shi ba. In ana hango shimfiɗa ko ƙarfe a cikin karcen, aikin mai fenti ne. Haka nan in hawan sama ya fara ɓarewa kamar saɓar maciji, abin da aka fi gani a rufi da bonet. Guga ƙara ɓare shi za ta yi. Tsatsa ma ba ta jin mai.

Mai sana'a ya faɗa wa mai mota gaskiya tun kafin a yi ciniki. Direban da aka gaya wa gaskiya yakan dawo, har ya kawo abokansa.

KIYAYE LAFIYA

Ruwa da lantarki ba sa haɗuwa. A gama wanki, a matsa da motar busasshen wuri, sa'an nan a jona inji. Kada a tsaya a cikin ruwa ko a riƙe inji da jiƙaƙƙen hannu. A sa takalmin roba. Wayar da ta ɓare a sauya ta.

Kada a yi aiki da babbar riga ko riga mai faɗin hannu, ko da rawani ko carbi na lilo a wuya. Faifai yana iya naɗe su. A cire agogo da zobe, kuma a lura da ƙarfen bel, domin suna karce mota. A sa tabarau da takunkumin hanci. A zare waya daga wuta kafin a sauya soso. A ajiye janareta a fili, nesa da inda ake aiki, saboda hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri. A hana yara matsowa.

KULA DA KAYAN AIKI DA LISSAFI

Bayan an tashi, a wanke soso da ruwa da sabulu, a matse, a shanya a inuwa. In ya bushe a sa shi a leda a ɗaure. A hure ƙurar da ke ramukan shan iskar inji. A rufe gwangwanin mai sosai, a ajiye inda rana ba ta bugu.

Kafin a yanka wa mai mota farashi, a yi lissafi. A sa kuɗin mai da kaki, da fetur na janareta, da ruwa da sabulu. A sa wani abu na soso, domin yana ƙarewa. A ware wani abu kuma don gyaran inji. Abin da ya saura shi ne ladan aiki. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta kowace mota, da ranar da aka goge ta, da irin man da aka sa mata. In motar ta dawo bayan wata uku, littafin zai nuna cewa kaki kawai take bukata, ba sai an sake kankarar fentinta ba.

Sannu ba ta hana zuwa. Mai koyo ya yi mako biyu ko uku a kan tsohon bonet, sa'an nan ya gwada a tankin babur ɗinsa ko motar wani na gida. In hannunsa ya faɗa, sai ya karɓi motar ciniki.